Marek Hamsik: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari A Napoli

Ran 23 ga watan Disamba na 2017 wani ɗan ƙasar Sulobakiya mai suna Marek Hamsik ya jefa ƙwallo a ragar Sampdoria, filin wasa na birnin Napoli ya ɗinke da sowa. Wannan ita ce ƙwallo ta 116 da ya ci wa ƙungiyar, watau ya ɗara Diego Maradona wanda ya tsaya a 115. Abin mamaki kuwa shi ne, Hamsik ɗan wasan tsakiya ne, aikinsa rarraba ƙwallo ga 'yan gaba.

An haifi Hamsik a garin Banska Bystrica a 1987, tun ƙasar tana haɗe da Cek. Ya fara fitowa a ƙungiyar Slovan Bratislava, kana a 2004, yana ɗan shekara 17, ƙungiyar Brescia ta Italiya ta ɗauke shi. A 2007 Napoli ta saye shi, lokacin da ta komo rukunin farko bayan fatarar da ta durƙusar da ita. Ya sa riga mai lamba 17, lambar da Italiyawa ke camfawa, bai kuwa sake ta ba har ya tashi.

Sannu a hankali Napoli ta farfaɗo. A 2012 ta ci Kofin Italiya, ta doke Juventus da ci biyu ba ko ɗaya, Hamsik ne ya ci ta biyun. A 2014 ta sake ɗaukar kofin, a shekarar ce kuma aka naɗa shi kaftin.

To, ba wannan kaɗai ya sa mutanen Napoli suka riƙe shi ɗan gida ba. Abokan wasansa sun yi ta tafiya inda kuɗi ya fi kauri. Lavezzi da Cavani suka nufi Faransa, Higuain ya koma Juventus a 2016, abin da magoya baya suka ɗauka cin amana ne. Shi ma manyan ƙungiyoyi sun yi zawarcinsa, amma ya zauna shekara goma sha ɗaya da rabi, ya buga wasa 520, ya ci ƙwallo 121.

Sai dai zaman nan yana da farashi. Babban kofin ƙasar Italiya bai taɓa shiga hannunsa ba. A kakar 2017 zuwa 2018 Napoli ta tara maki 91, duk da haka Juventus ta sha gabanta da maki huɗu. A farkon 2019 ya tafi ƙungiyar Dalian ta ƙasar Sin, daga nan ya ɗan taɓa wasa a Suwidin, sa'an nan ya sauka Trabzonspor ta Turkiyya. Can ne haƙurinsa ya biya, domin a 2022 ƙungiyar ta zama zakaran ƙasar, karo na farko cikin shekara 38.

Ƙasarsa ma ta mori ƙafarsa. Shi ne kaftin ɗin Sulobakiya a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, inda suka fitar da Italiya mai riƙe da kofi da ci uku da biyu a birnin Johannesburg. Ya buga wa ƙasarsa wasa 138, ya ci ƙwallo 26, lokacin da ya aje takalmi kuwa babu ɗan ƙasar da ya kai shi a ko wanne daga ciki.

A 2023 ya yi sallama da wasa. A shekarar ce kuma Napoli ta ɗauki kofin da ta yi shekara 33 tana nema, ɗan Nijeriya Victor Osimhen yana kan gaba da ƙwallo 26. Wani ya yi noma, wani ya yi girbi, amma mutanen Napoli ba su manta da manomin ba.