Farashin Intanet da Farashin Kasuwar Azare: Jagora ga Malaman Gona

Da zarar kaka ta yi, an kai gero da wake gida, tambayar da manoman ƙasar Katagum suke yi wa malamin gona ba ta wuce ɗaya ba: a sayar yanzu, ko a ajiye sai bazara? Mu masu binciken amfanin gona mun fi sabawa da tambayar iri da taki da tazarar shuka. Wannan kuwa tambaya ce ta masana tattalin arzikin noma, kuma yawancin alƙaluman da suke aiki da su suna nan a intanet kyauta. Malamin gona mai waya a hannu zai iya duba su daga ofishin shiyyar arewa na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi da ke Azare, ko daga Gamawa, ko Itas. Sai dai kowane alƙalami yana da kasuwar da aka ɗauko shi, da ma'aunin da aka auna shi, da watan da aka rubuta shi. Wanda bai lura da waɗannan uku ba zai iya ba manomi shawarar da za ta jawo masa asara.

Inda ake samun alƙaluma

Rumbu mafi girma shi ne FAOSTAT na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya tara bayanan noman ƙasashe tun daga 1961. Yana da amfani ga mai son sanin yadda noman gyaɗa ko dawa ya sauya a Nijeriya cikin shekaru, amma lissafinsa na ƙasa baki ɗaya ne, shekara-shekara. Ba zai faɗa maka abin da ya faru a Azare ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma tana fitar da rahoton farashin wasu kayan abinci wata-wata. A lura cewa farashin mai saye da ɗai-ɗai ne, a kan kilo, wato abin da magidanci yake biya, wanda ya ɗara abin da manomi yake karɓa.

Wanda na fi ganin amfaninsa ga aikinmu shi ne FEWS NET, shirin gargaɗi kan yunwa da Amurka ta kafa a 1985 bayan farin da ya addabi yankin Sahel da Habasha. Yana bin farashin hatsi a manyan kasuwanni irin su Dawanau a Kano da Maiduguri, kuma yana jera farashin bana kusa da na bara da matsakaicin shekaru biyar. Da wannan jeri ake gane ko tashin da ake gani na al'ada ne, irin na kowace bazara, ko kuwa baƙon abu ne. A watan Janairun 2025 shafin ya rufe sakamakon dakatar da tallafin Amurka, sai bayan wasu watanni ya dawo. Don haka duk rahoton da ka ga yana da amfani, ka sauke shi a waya ko ka buga shi a takarda.

Ga ɗalibai da masu bincike, kamar na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau, akwai AgEcon Search na Jami'ar Minnesota, inda ake karanta takardun binciken tattalin arzikin noma ba tare da biyan kuɗi ba. Akwai kuma AGORA, wanda aka buɗe a 2003, amma shi sai makaranta ko cibiya ta yi rajista. Hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara ma abin dubawa ne, domin jinkirin ruwa yakan ɗaga farashin hatsi tun kafin a yi shuka.

Daga kilo zuwa tiya

A nan ne aikin yake. Intanet tana lissafi da kilo da tan, kasuwa kuwa da mudu da tiya da buhu take ciniki, kuma tiyar wannan gari ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba. Cikar ma ta bambanta: wani awon a shafe, wani da tozo. Ya kamata malamin gona ya nemi sikeli, ya auna tiyar kasuwarsa sau goma ga kowane irin hatsi, ya fitar da matsakaici. Ya kuma ƙidaya tiya nawa ke shiga buhun da 'yan kasuwa suke saye da shi. Sabon hatsi yana da danshi, saboda haka a sake awon bayan ya bushe sosai.

Bayan haka sai a cire kuɗin hanya. Farashin Dawanau na wanda ya kai kayansa Dawanau ne. Kafin buhun wake ya bar Azare, ya bi ta Jama'are da Wudil ya isa Kano, an biya kuɗin buhu da ɗinki, da dako sau biyu, da mota, da la'adar dillali, da harajin kasuwa. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne za a kwatanta da tayin da aka yi wa manomi a gida. Manomin da ke garin Katagum, a Ƙaramar Hukumar Zaki, yana da ƙarin kuɗin mota kafin ma ya iso Azare. Sau da yawa ratar da ta sa manomi ya ce an ƙware shi, idan aka yi wannan lissafi, sai a tarar kaɗan ce ta rage. Wani lokaci kuma da gaske an ƙware shi, kuma a sannan yana da hujjar ƙin sallamawa.

Riɗi yana da nasa hali. Tunda yawancinsa ƙasashen waje ake kai shi, farashinsa yana bin canjin dala da buƙatar masu saye a ƙasashe irin su Sin da Japan da Turkiyya, fiye da yadda yake bin yunwar bazara. Kada a auna shi da ma'aunin gero.

A ajiye ko a sayar?

Al'adar kasuwa ita ce hatsi ya yi araha da kaka, ya yi tsada daga bazara zuwa tsakiyar damina. Amma al'ada ba alkawari ba ce. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, kuma a watan Yuli gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Mutane da yawa sun cika rumbu da kakar wannan shekara da tsammanin tsada, sai ga shi a 2025 farashin hatsi ya sauka, wasu suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Sanarwar tana cikin labarai, alamar saukar ma ta fito a rahotannin farashi, amma ba ta isa kunnen mai rumbu da wuri ba.

Kafin malamin gona ya ce a ajiye, ya tambayi manomi abu uku. Akwai bashi a kansa da za a biya da kaka? Nawa ajiyar za ta ci? Wake musamman, idan ba a sa shi a buhun PICS mai ninki uku ko a duro mai toshewa ba, ƙwari za su cinye ribar kafin bazara. Sannan me kuɗin zai yi masa in ya karɓa yanzu? Mai fadama a gefen kogin Jama'are, wanda yake jiran kuɗin taki da man injin ban ruwa don noman rani, zai iya samun riba a sayarwar kaka fiye da ajiya. Shawarar da ta fi aminci a mafi yawan shekaru ita ce a raba: a ware abincin gida tukuna, a sayar da wani kashi, a ajiye wani.

Littafin farashi na kanka

Babu shafin da zai san kasuwar ƙauyenka kamar kai. A sami littafi guda, kowace ranar kasuwa a tambayi masu awo uku farashin tiyar gero da dawa da masara da wake, farin daban, jan daban. A rubuta kwanan wata, da ko hatsin sabo ne ko tsoho, da farashin buhun taki a ranar, domin manomi ya san buhun hatsi nawa zai sayar ya sayi buhun taki ɗaya. A ƙarshen wata a ajiye shi kusa da farashin Dawanau, a rubuta ratar. Idan aka yi haka shekara uku ba fashi, za a ga watan da farashi ya saba juyawa a wannan kasuwa. A riƙa aika kwafi ofishin shiyya a Azare, kuma idan an yi wa malamin gona canjin wurin aiki, ya bar littafin ga wanda ya gaje shi.