Idan Mai Jirgi Shi Ne Matuƙi

Ranar 2 ga Agusta 1979, a filin jirgin sama na Akron-Canton da ke jihar Ohio a Amurka, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna Citation yana ta sauka yana tashi, mai shi yana gwada hannunsa. Mai jirgin shi ne Thurman Munson, kyaftin ɗin ƙungiyar wasan besbol ta New York Yankees, ɗan shekara 32. Ya koyi tuƙi ne don ya riƙa leƙa iyalinsa a Canton a ranakun hutu, har lambar rigarsa, 15, ya sa aka rubuta a jikin jirgin. Makonni kaɗan da sayensa ke nan.

A zagayen ƙarshe Munson bai sauke marafan bayan fikafikai ba, waɗanda ke riƙe jirgi a iska idan ya rage gudu. Ya sauke tayoyi, iska ta ƙara riƙe jirgin, gudu ya ragu, jirgi ya fara nutsewa ƙasa. Kafin ya ba injuna wuta sosai, lokaci ya ƙure. Jirgin ya shafi bishiyoyi, ya bugi kututture, ya kama da wuta bai kai titin sauka ba. Abokan tafiyarsa biyu sun tsira, shi kuwa wuyansa ya karye, hayaƙi ya ƙarasa shi. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ce bai kula da gudun jirgin ba, kuma bai bi takardar jerin abubuwan da ake dubawa kafin sauka ba. Takarda fa, jama'a, takardar da karanta ta ba ya cin minti guda.

Abin da nake gani shi ne, babban hatsarin ƙaramin jirgi na mai zaman kansa rashin mai cewa a'a ne. A jirgin fasinja matuƙa biyu ne, ɗaya na karantawa ɗaya na amsawa, kuma kamfani ya wajabta a fasa sauka a sake zagayowa idan lissafi bai daidaita ba. Mai jirgin kansa kuwa shi ne wuƙa shi ne nama. Wani zai ce ai akwai malamin tuƙi a gefen Munson ranar. Haka ne, amma a matsayin baƙo ya shiga, kuma ba shi da lasisin irin wannan jirgi, to da wane baki zai yi gyara? Wani kuma zai ce ɗora wa mamaci laifi abu ne mai sauƙi, ajali ne ya yi kira. Mun yarda da ajali. Sai dai masu bincike ba su sami wata matsala a injunan ba, kuma faɗin inda aka yi kuskure shi ke hana na baya maimaita shi.

Mu ma a Nijeriya abin ya taɓa mu. Ranar 25 ga Oktoba 2012 gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, ya faɗi kusa da Yola a jirgin Cessna 208 da yake tuƙawa da kansa. Rahoton hukumar bincike ta Nijeriya ya ce ba shi da izinin tuƙa irin wannan jirgi, ba shi da na tuƙin dare, ga shi rana ta riga ta faɗi. Bai murmure ba har ya rasu a 2017. Allah ya jiƙansa.