Furotin da kalori ga masu gina jiki da ke amfani da anabolizan

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba tambaya guda: mutumin da ke ɗaga ƙarfe don ya tara ƙwanji, yana kuma haɗawa da magungunan da ake kira anabolizan, abinci nawa jikinsa yake bukata? Abin da aka saba ji a wuraren ɗaga ƙarfe shi ne, tun da magani yana ƙara saurin ginin tsoka, dole ne a ninka nama da ƙwai da garin furotin sau biyu ko sau uku. Za mu nuna cewa alƙaluman da ke hannu ba su goyi bayan wannan magana ba. Maganin yana sake yadda jiki ke aiki da abinci, amma ƙarin abincin da yake nema kaɗan ne, alhali ɓarnar da yake yi wa zuciya da hanta da ƙoda babu abincin da ke kau da ita.

2. Kalmomi

A Hausa ana cewa «abinci mai gina jiki» ga nama da wake da madara, ana kuma cewa «masu gina jiki» ga masu ɗaga ƙarfe. Don kauce wa ruɗani, za mu yi amfani da «furotin» ga sinadarin da ake ƙera tsoka da shi, da «kalori» ga ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa. Gram ɗaya na furotin ko na sitaci yana ba da kalori 4, gram ɗaya na mai yana ba da 9.

Kalmar «siteroyid» kuma ta ƙunshi iyali biyu masu aiki daban. Na farko su ne anabolizan, watau testosteron (hormon na maza) da magungunan da aka kwaikwayo daga gare shi. An fara haɗa testosteron a ɗakin bincike a 1935, kamfanin Ciba ya fito da Dianabol a 1958, an kuma fara gwajin ƴan wasa a kansu a wasannin Olimpik na Montreyal a 1976. Na biyu su ne kortikoyid, irin su deksametazon, da ake samu wajen masu tallar magani a kasuwanninmu, wasu na sha don su yi ƙiba. Waɗannan rushe tsoka suke yi. Abin da ke kumbura fuska da ciki ruwa ne da kitse. Wannan rubutu ya shafi iyali na farko ne kawai.

3. Abin da maganin ke yi a cikin tsoka

Jikin baligi yana rushe furotin kimanin gram 250 zuwa 300 kowace rana, yana sake gina shi. Galibin kayan ginin daga abin da aka rushe suke fitowa. Abinci yana cike gurbin abin da ya salwanta ne. Tsoka tana ƙaruwa idan gini ya ɗan fi rushewa. Anabolizan yana ƙara saurin ginin, yana kuma sa tsoka ta ƙara maido da kayan da ta rushe a cikin aiki. Kamar magini ne da ya ƙara sauri, ya kuma daina zubar da laka: katanga tana tashi da wuri ba tare da an ninka tubali ba.

Gwajin da ya fi bayyana wannan shi ne wanda likita Shalender Bhasin da abokan aikinsa suka buga a 1996 a Amurka. Sun raba maza 43 kashi huɗu, na tsawon mako 10. Waɗanda suka ɗaga ƙarfe ba tare da magani ba sun ƙara kimanin kilo 2 na nauyin da ba kitse ba. Waɗanda aka yi wa allurar testosteron mai yawa suna zaune sun ƙara kimanin kilo 3. Waɗanda suka haɗa allura da ɗaga ƙarfe sun ƙara kimanin kilo 6. Abin lura a nan shi ne abincinsu: dukansu an ɗora su bisa ma'auni ɗaya, watau kalori 36 da furotin gram 1,5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ke nan bambancin kilo 2 da kilo 6 bai fito daga akushi ba.

Ana iya tabbatar da haka da ɗan lissafi. Tsoka kusan kashi 75 cikin 100 ruwa ce, furotin kimanin kashi 20 ne. Ko da mun ɗauka cewa kilo 6 ɗin nan duka tsoka ce, furotin da ke cikinta gram 1200 ne. Idan aka raba shi bisa kwana 70, za a samu kimanin gram 17 a rana, watau abin da ke cikin ƙwai uku.

4. Ma'aunin furotin

Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta sun tsaida a 2007 cewa gram 0,83 ga kowane kilo a rana ya wadaci baligi mai lafiya. Mai ɗaga ƙarfe yana bukatar fiye da haka. A 2018 Robert Morton da abokan aikinsa na Kanada sun tattara gwaje-gwaje 49 da suka shafi mutane sama da 1800, suka ga cewa amfanin ƙarin furotin yana tsayawa wajen gram 1,6 ga kilo. Don a rufe bambancin da ke tsakanin mutane, akan kai iyakar zuwa 2,2. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne bisa mutanen da ba a ba anabolizan ba, amma lissafin sashe na 3 ya nuna cewa ƙarin da mai shan magani ke nema yana shiga cikin wannan tazara.

Ga mutum mai kilo 80, alƙaluman su ne: gram 66 idan ba ya aikin ƙarfi, gram 128 zuwa 176 idan yana ɗaga ƙarfe. Ya fi kyau a raba shi ci uku ko huɗu, kowane gram 30 zuwa 40, da a tara shi a tuwon dare. Abin da ya wuce bukata ba ya zama tsoka: hanta tana warware shi, jiki ya ƙone wani sashe, ragowar ta bi ta ƙoda ta fita cikin fitsari.

5. Ma'aunin kalori

Gini yana cin ƙarfi, saboda haka wanda ke son ƙara tsoka yana bukatar ya ci fiye da abin da yake ƙonewa. Bisa ma'aunin kalori 36 ga kilo, mai kilo 80 yana neman kimanin 2900 a rana. Ƙarin da masana abinci suka saba ba da shawara kashi 10 zuwa 20 ne cikin 100, watau kalori 300 zuwa 600. Sikeli shi ne alƙali: ƙarin gram 200 zuwa 400 a mako ya isa. Anabolizan yana riƙe ruwa da gishiri a jiki, don haka nauyin da ya tashi farat ɗaya a makonnin farko ba duka ne tsoka ba.

6. Misali daga abincin gida

Ga abincin yini ɗaya, an auna hatsi da wake da nama kafin a dafa:

– gero gram 400 (tuwo da fura): furotin kimanin gram 44
– wake gram 150: gram 35
– nama marar kitse gram 150: gram 30
– ƙwai 2: gram 12
– kindirmo rabin lita: gram 16
– gyaɗa gram 50: gram 13

Jimla kimanin gram 150 ke nan, kuma idan aka haɗa da man miya cokali 3, kalori sun kai wajen 3200. Gero yana da ƙarancin lizin, ɗaya daga cikin tubalan furotin da jiki ba ya iya ƙerawa, wake kuwa yana da shi da yawa. Shi ya sa haɗa su ya fi kowanensu shi kaɗai. Furotin na hatsi ba ya narkewa kamar na dabba, don haka wanda abincinsa ya fi karkata ga gero ya nufi saman ma'auni. Kilishi da cuku da ƙuli-ƙuli da awara da busasshiyar fara duk suna ɗauke da furotin mai yawa. Garin furotin na gwangwani yana sauƙaƙa aiki, amma ba ya kawo abin da babu a cikin waɗannan.

7. Abin da abinci ba ya gyarawa

Anabolizan yana rage nau'in maiƙon jini mai kare jijiyoyi, ya ƙara mai toshe su. Yana ɗaga hawan jini, yana kauraran jini, yana kauraran bangon zuciya har ƙarfin bugunta ya ragu. Nau'o'in da ake haɗiya sun fi cutar hanta. Jiki yana daina yin nasa testosteron, maniyyi ya ragu, wasu maza su yi nono. Wani bincike da aka buga a 2019 a Danmak ya bi maza 545 da aka kama da amfani da shi, ya samu cewa mace-macensu ya ninka na tsaransu kusan sau uku.

A batun ƙoda ne abinci da magani suke haɗuwa. Ƙoda mai lafiya tana jure furotin mai yawa. Amma a 2010 likitocin Jami'ar Kolombiya a Niyok sun bayyana masu gina jiki 10 da matattarar ƙodarsu ta lalace bayan shekaru na anabolizan, tare da nauyi mai yawa da cin furotin fiye da kima. Wannan ya fi shafar mai ɗaga ƙarfe a Yamai ko Tawa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40: gumi na kwashe ruwa daga jinin da ya riga ya yi kauri.

8. Kammalawa

Ma'aunin mai amfani da anabolizan bai yi nisa da na kowane mai ɗaga ƙarfe ba: furotin gram 1,6 zuwa 2,2 ga kilo, ƙarin kalori 300 zuwa 600, da ruwa wadatacce. Kuɗin da ake kashewa wajen ninka wannan ma'auni sun fi amfani a ɗakin likita, a auna hawan jini da maiƙon jini da kaurinsa, da lafiyar hanta da ƙoda. Wanda ya ƙudura dainawa shi ma ya nemi likita, domin jiki yakan ɗauki watanni kafin ya koma yin nasa hormon, kuma a tsakanin haka kasala da baƙin ciki sukan tura mutane su koma ga allura.