Matan Amurka Da Zaɓen Bindigar Farko

A ƙarshen shekarar 1966, bayan da fyaɗe ya yi yawa a birnin Olando na Jihar Fulorida, 'yan sandan garin suka buɗe darasin harbi domin mata, har mata fiye da 2,500 suka koyi riƙon ƙaramar bindiga. Tun daga lokacin nan tambaya guda ke ta dawowa a kantunan makamai na Amurka, watau wace bindiga ce ta dace da macen da ba ta taɓa harbi ba?

An daɗe masu kanti suna miƙa wa mace ƙaramar libarba mai cin harsashi 5, wai don ba ta da nauyi, kuma tana shiga jaka. A 1989 ma kamfanin Smith & Wesson ya fito da wata mai suna LadySmith musamman domin mata. To, amma malaman harbi sun ce a nan kuskuren yake. Muddin bindiga ta cika ƙanƙanta da rashin nauyi, idan ta tashi duk ƙarfin nan a tafin hannu yake sauka, sai mai koyo ta riƙa runtse ido tun kafin ƙara ta fita. Ga shi kuma kunamar irin wannan libarba tana bukatar jan da ya kai wajen kilo 5, alhali ta fistol irin Glock 19 ba ta wuce rabin haka da yawa ba. Yatsan da ke kokawa da kunama kuwa ba ya barin bakin bindiga ya tsaya kan saiti.

Ita ma fistol tana da nata cikas, domin jan murfinta baya don ɗora harsashi na wahalar da mai raunin hannu. Saboda haka ne aka ƙera M&P 380 Shield EZ a 2018, mai sauƙin ja. Shawarar malamai dai ita ce mace ta fara da mai ƙaramin harsashi na .22, ta yi hayar iri-iri a filin koyon harbi, sa'an nan ta sayi wadda yatsanta ke kai wa kunama ba tare da ta karkatar da riƙo ba. Zaɓen miji ko na wa ba safai yake dacewa da hannunta ba.

Sai dai akwai abin da masu talla ba su faɗa. Binciken da Jacquelyn Campbell ta jagoranta a 2003 ya nuna cewa idan miji mai dukan mata yana iya kai hannu ga bindiga, haɗarin kashe matar yakan ninka wajen sau 5. Bindigar da ta saya, a gidan da yake kwana za ta ajiye ta.

A Nijeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, ba mai mallakarsu sai da lasin daga Shugaban Ƙasa.