UWA, KE CE IDON ƊANKI, KE CE KUNNENSA

Uwargida, saurara. Yaro makaho ba ya ganin baƙin tabon da ya fito a haƙorinsa. Yaro kurma kuwa yana shan zogi, amma sau da yawa ba ya iya gaya miki inda ke ciwo. Idan ba ki duba ba, wa zai duba?

ME KE ƁATA HAƘORI?
Ba tsutsa ba ce, kamar yadda ake faɗi. Sauran abinci ne da zaƙi ke maƙalewa a haƙori. Ƙwayoyin cuta su ci, su fitar da wani tsami mai huda haƙori. Alewa, rake, biskit da lemon kwalba su ne kan gaba.

IDAN ƊANKI MAKAHO NE
Ki kama hannunsa, ki ɗora yatsansa mai tsabta a kan haƙoransa da dasashi, ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ki riƙe buroshi ko asuwaki tare da shi, kina faɗin abin da kuke yi. Ki ajiye nasa wuri guda kullum, ki ɗaura masa zare don ya gane shi.

IDAN ƊANKI KURMA NE
Ki tsuguna gabansa inda akwai haske. Ki goge naki yana kallo, shi ma ya kwaikwaya. Ku shirya alamar hannu guda wadda ke nufin "haƙorina na ciwo."

KULLUM
A goge baki sau 2, da safe da kuma kafin barci, minti 2 kowane lokaci. Ki fara tun haƙorin farko, wajen wata 6. Man goge baki mai fuloraid, kamar ƙwayar shinkafa ga wanda bai kai shekara 3 ba, kamar ƙwayar wake daga 3 zuwa 6. Ya tofar, kada ya haɗiye. Ki ci gaba da taya shi har ya kai shekara 7 ko 8. Ran Juma'a, bayan wanka, ki ɗaga leɓensa ki duba.

MAZA ASIBITI IDAN KIN GA:
Kumburin kumatu. Jini ko gyambo a dasashi. Warin baki mai tsanani. Ƙin cin abinci, ko kuka yana dafe kunci.

Kada ki ce bari sai gobe. Gyambon dasashi ga yaro mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, yana iya zama cutar noma, wadda ke cinye kunci cikin kwanaki kaɗan. Idan an zo da wuri, magani na tsayar da ita. Kada ki sa toka, barkono ko ruwan batir a ramin haƙori.

Ki kawo shi asibitin nan na Utai. In abin ya fi ƙarfinmu, za mu tura ku Babban Asibitin Wudil. Ki tsaya kusa da shi, ki gaya wa malamin asibiti yadda kuke fahimtar juna a gida.

RIGAKAFI YA FI MAGANI. LAFIYA UWAR JIKI.