Bayan jinyar daji: matan da barci ya ƙaurace wa

Ranar da likita a Asibitin Ƙasa da ke Abuja ya shaida wa mace cewa ta kammala ƙarin ruwan kemo ko gashin na'ura, dangi kan yi hamdala, abokan aiki su zo barka. Amma ga mata da dama, musamman waɗanda ba su kai shekara 45 ba, a nan ne wata jinyar ke somawa, wadda ba a cika zancenta ba: ɗaukewar jinin al'ada tun lokacinsa bai yi ba.

A bisa ɗabi'a, al'ada kan ɗauke tsakanin shekara 45 zuwa 55, a hankali, jiki yana sabawa. Magungunan kemo kuwa suna iya raunana ma'ajiyar ƙwan mace cikin 'yan watanni. Haka ma gashin da ake yi a mara saboda sankarar bakin mahaifa, ko tiyatar da ta cire ma'ajiyar gaba ɗaya. Sinadarin istirojin sai ya faɗi farat ɗaya. Daga nan zafi ya riƙa taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙe mata shimfiɗa cikin dare, ta farka sau uku ko huɗu kafin asuba.

Wanda ya san zafin Abuja a watannin Maris da Afrilu, ga ɗaukewar wuta, zai gane nauyin abin. Ma'aikaciyar da ke zaune a Mararaba ko Kubwa dole ta yi sammako domin cunkoson hanya, ta isa Sakatariyar Tarayya ƙarfe takwas da idanun da ba su runtsa ba. Idan aka jera makonni a haka, mantuwa da saurin fushi da ƙuncin zuciya sukan biyo baya. A ofis a ce ta canza hali, a gida a ce ta yi haƙuri tunda Allah ya ba ta lafiya. Ita kuma kunya ta hana ta faɗa wa likita, tana ganin ba abin kai ƙara ba ne.

Shirun nan yana da haɗari. Sankarar mama ce kan gaba a cututtukan daji na matan Najeriya, kuma da yawa daga cikin masu ita ana ɗora su a kan ƙwayar tamoxifen ko letrozole na tsawon shekara 5 zuwa 10 don hana cutar dawowa. Waɗannan ƙwayoyi su kansu suna ƙara zafin jikin. Wata idan ta gaji sai ta ajiye su ba tare da sanin likita ba, alhali su ne garkuwarta. Wata kuma ta koma ga haɗe-haɗen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Akwai mafita, sai dai tana buƙatar hannun ƙwararre. Maganin mayar da istirojin da ake ba sauran mata galibi ba a ba wadda sankarar mamanta ke girma da wannan sinadari. Likitoci kan juya ga venlafaxine ko gabapentin, waɗanda ke rage zafin. Ko a magungunan ciwon damuwa akwai zaɓi: paroxetine da fluoxetine suna iya rage ƙarfin tamoxifen, don haka wajibi ne duk likitan da zai rubuta mata magani ya san abin da take sha. Ga rashin barci kuwa, zaman horon gyara tunani da tsarin kwanciya tare da masanin halayyar ɗan Adam ya fi ƙwayar barci ɗorewa.

Tun da aka fara Asusun Tallafa wa Masu Cutar Daji a 2021, da Asibitin Ƙasa cikin cibiyoyinsa na farko, muhawara ta fi karkata ga kuɗin magani da na'urorin gashi. Hakan daidai ne, amma bai isa ba. Tambaya biyu a ranar ganin likita, yaya barcinki, yaya zuciyarki, ba sa cin kasafin kuɗi. Shugaban sashe ma na iya sassauta wa ma'aikaciya lokacin shigowa na 'yan watanni.

Wadda ke shan tamoxifen kuma ta ga jini bayan al'adarta ta ɗauke, kada ta jira ranar da aka rubuta mata a kati. Ta koma asibiti a makon.