Daga Yamai zuwa Jidda a jirgin sama

Yamai babban birnin Nijar ne. Jidda kuwa birni ne na ƙasar Saudiyya, a bakin Bahar Maliya. Nan ne alhazai da yawa suke sauka kafin su wuce Makka. Tsakanin biranen biyu akwai wajen kilomita 4000. Miƙaƙƙiyar hanya tana bi ta saman gabashin Nijar, da Cadi, da Sudan, sannan ta ƙetare teku.

A zamanin da, maniyyata a ƙasa suke tafiya, ko a kan jaki da raƙumi. Raƙumin da ke yin kilomita 40 a yini sai ya yi kwana 100 kafin ya cinye wannan nisa, in bai huta ba. Amma matafiyan sukan tsaya a hanya su yi noma ko ƙwadago don neman guzuri. Wasu sukan yi shekaru kafin su isa.

Babban jirgin sama yana yin wajen kilomita 850 a awa guda, yana tafe kilomita 10 sama da ƙasa. In bai yada zango ba, cikin awa 5 ya isa. Rana tana riga fitowa a Jidda, saboda haka agogonsu ya wuce na Yamai da awa 2. Jirgin da ya tashi da ƙarfe 8 na safe zai sauka da ƙarfe 3 na rana a agogon Jidda.

Wannan sauri ba a banza yake samuwa ba. Jirgi kananzir yake sha. Mai ɗaukar mutum 300 yakan ƙone wajen lita 36 000 a wannan tafiya, wato ganga 180 masu cin lita 200. Rabon kowane matafiyi lita 120 ke nan.

Idan kananzir ya ƙone, yana fid da wata iska da ba a gani, ana kiran ta gaz karbonik. Lita guda tana ba da wajen kilo 2 da rabi. Ashe kowane matafiyi ya bar kilo 300 a sararin sama, ban da na dawowa.

Wannan iska tana daɗewa a sama, tana riƙe zafi kamar bargo. Motoci da masana'antu su ma suna fid da ita. Rabon jirage kashi 2 zuwa 3 ne cikin 100. Yayin da ta yi yawa, duniya tana ƙara zafi, damina tana rikicewa. Manoma da makiyaya na Sahel suna cikin masu shan wahalar, ko da ba su taɓa shiga jirgi ba. Itatuwa suna zuƙar wannan iska, shi ya sa dasa su da kare su ke da amfani.

Tambayoyi
1. Waɗanne ƙasashe ne ke tsakanin Nijar da Bahar Maliya?
2. Kilo nawa na gaz karbonik mutum 300 ke bari a tafiya guda?
3. Don me ake dasa itatuwa?